Mama Targelia, Wadda Ta Mayar Mini da Wushiryata

Da sassafe, lokacin da masu dafaffiyar masara ke sauke tukwanensu a bakin kasuwa, sanyi na ratsa ƙashi, za ka ga wata gajeruwar dattijuwa tana hawowa matakalar dutse daga bakin kogin Tomebamba, mayafin ulu a kafaɗa, jakar saƙa a hannu. Ba ta tsayawa hira. In ka gaishe ta za ta amsa da kai ta wuce. Asibitin haƙori na Dakta Astudillo take nufa, amma ba ta ƙofar gaba take shiga ba. Akwai wata 'yar ƙofa ta gefe, kusa da rumfar mai gyaran takalma, wadda ke kai mutum wani ɗaki na baya mai taga ɗaya. A ɗakin nan Mama Targelia Orellana ta yi shekara talatin da wani abu tana haɗa wa mutanen birnin Cuenca haƙora.

In ta shiga ba ta fara taɓa kayan aiki. Zama take yi ta rungume kofin kunun masara da hannu biyu har yatsunta su saki, domin ta ce yatsa mai sanyi ba ya jin abin da yake taɓawa. Sai ta yi alamar gicciye, ta sa farar rigar aiki, ta tsoma ɗan yatsa cikin tulun ruwan da ya kwana a ɗakin. Ba ta kwaɓa komai da ruwan famfo na safe, wai ya cika sanyi. Garin allin da take zubi da shi, irin farin garin nan da ake ɗaure karaya a asibiti, ba ta ɗibarsa da ido yadda muke ɗibar gari a kicin. Aunawa take yi a kan wani ɗan sikelin tagulla da ta gada wurin mahaifinta, maƙerin azurfa a garin Chordeleg. A gabansa ta koyi riƙe abu ƙanƙani hannu bai yi rawa ba. Da ta girma sai ta bar zobba da 'yan kunne, ta koma bakunan mutane.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Gaɓoɓin yatsunta sun fara kumbura, kuma 'yarta tilo, Marlene, wadda ta tafi Murcia ta ƙasar Sifen neman aiki tun tana budurwa, ta daɗe tana roƙonta ta je. Akwai jikoki biyu can da ba ta taɓa ɗauka ba, a waya kawai ta san su. Sunanta ba ya kan allon asibitin. Da yawa daga waɗanda ke tauna abinci da aikin hannunta ba su san kamanninta ba. Ni ɗinki nake yi a gida, 'yata ɗaya. Amma na ce wa mijina Wilmer ba zan bari matar nan ta hau jirgi ba sai an faɗi abin da ta yi a gaban jama'a.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ta fahimtar da ni. Idan haƙori ya fita, likita kan dasa ɗan turken ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ƙashi ya kama shi, sannan a ɗaura sabon haƙori a kansa da sukuru. Haƙorin da Allah ya halitta yana da ɗan sassauci a gindinsa, in an matsa shi yakan ɗan gusa ya dawo. Turken ƙarfe ba ya gusawa ko kaɗan. Saboda haka in za a ɗora jerin haƙora a kan turaku biyu ko huɗu, dole su zauna daidai, ba ƙari ba ragi. In an sami saɓani, ko da bai kai kaurin gashi ba, ana iya ɗaurewa da ƙarfi ya shiga, mai shi ya tafi gida yana murna. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai sukuru ya fara kwancewa, ko tangaran ɗin da aka yi haƙoran da shi ya tsage, ko ƙashi ya fara janyewa daga jikin turken. Kuma ba a cikin baki ake ƙera haƙoran ba. Shatin bakin ake ɗauka da wani danƙo mai laushi, a zuba alli a cikin shatin, a sami kwafin bakin mutum a kan tebur. In shatin ya yi ƙarya, duk abin da aka gina a kansa ƙarya ne. A kan wannan shatin Mama Targelia ta ƙarar da ƙuruciyarta.

Kowa a unguwar nan ya san dattijon nan Don Rigoberto, mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan da ke raka kowane biki. Da haƙoransa na gaba suka zube, busa ta gagare shi, ya rataye ƙahon ya koma zaman ƙofar gida. Shi da bakinsa ya ba ni labari a bencin jira. Kafin a ƙera masa na gaske, Mama Targelia ta sa ya zo da ƙahonsa ɗakin baya. Ta yi masa haƙoran gwaji na kakin zuma, likita ya sa masa, ta ce ya busa. In ya busa sai a cire, ta ɗan kankare kakin, a mayar, ya sake busawa. Haka suka wuni, har mai gyaran takalma ya leƙo ya tambaya ko jaki ake yankawa a ciki. Ba ta bar shi ya tafi ba sai da shi da kansa ya ce sautin ya dawo. Yanzu duk zuwansa asibitin sai ya leƙa tagarta.

“Targelia! Kin san saboda ke na fasa mutuwa?”

“Ka fasa ne don can ma ba sa son hayaniya.”

“To ki aure ni mana. Ga ni da haƙora sababbi fil.”

“Haƙoran ai nawa ne, ni na yi su. Kai me za ka kawo?”

Ko ɗago kai ba ta yi in tana ba shi amsa, amma na sha ganin kafaɗunta suna rawa don dariya.

Nawa labarin ba na dariya ba ne a farkonsa. 'Yata Anahí tana jaririya muka taso daga garin Gualaceo a motar haya, ana ruwa, motar ta zame ta daki gefen hanya. Hannayena biyu suna kanta, ba ni da abin tarewa. Fuskata ce ta sauka kan ƙarfen kujerar gaba. Anahí ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma har gobe ina gode wa Allah a kan haka. Ni kuma haƙorana shida na sama suka tafi, da wani ɓangare na ƙashin da ke riƙe da su. Tare da su wushiryata ta tafi, irin ta mahaifiyata, wadda Wilmer ya fara tsokanata da ita a kasuwa tun kafin ya san sunana.

Yayana da ke aikin gini a New York ya ɗauki nauyin gyaran. Amma abin ba ya sauri. Sai da aka yi mini ƙarin ƙashi, aka jira ya warke, aka dasa turaku huɗu, aka sake jira. A tsakani an ba ni haƙoran roba na wucin gadi, ba sa kamawa sosai. Wata rana a wurin walimar baftismar ɗan maƙwabciyata na yi dariya, suka faɗo cikin kwanon miya a gaban mutane. Babu wanda ya yi mini dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar hannuna ya koyi hanyar bakina. In zan yi magana, hannu. In zan yi dariya, hannu. Har na daina lura.

Anahí ta shekara uku, ta fara zuwa makarantar reno. Wata rana na je ɗaukarta sai malamarsu ta ja ni gefe.

“Maman Anahí, ko yarinyar nan na ciwon haƙori ne?”

Na ce lafiyarta lau, ni nake wanke mata baki safe da yamma.

“To ki duba dai. In za ta yi dariya sai ta rufe baki. In ana waƙa ma, ta bayan tafin hannu take yi. Yaran sun fara kwaikwayonta suna tsokanarta.”

Da muka isa gida na kwantar da ita na yi mata cakulkuli. Ta ƙyalƙyale, sai ga hannu ya tashi. Na hagu, yatsu a haɗe, kai ɗan sunkuye. Ni ce sak. Na ce, “Anahí, me ya sa kike rufewa?”

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. “Ai haka ake dariya, Mama.”

Yarinyar da na tare wa ƙarfe da fuskata, ga shi ina koya mata cewa bakin mace abin ɓoyewa ne. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin dariyata a buɗe ba. Na yi ta yi mata magana, na yi ta sauke mata hannun, a banza. Yaro abin da ya gani yake yi. Na san sai nawa hannun ya sauka nata zai sauka.

Lokacin an shiga watan Disamba, kuma likita ya ce turakun sun kama. An zaɓi Anahí cikin yaran da za su yi shigar mala'iku a zagayen Jariri Yesu na jajiberin Kirsimeti, ni na ɗinka mata rigar da fukafukan. Na ƙudurta a raina cewa ranar nan zan tsaya a bakin titi in yi mata dariya da bakina gaba ɗaya, ta gani daga kan motar da za ta ɗauke su. Dakta Astudillo ya duba kalanda ya ce in komai ya tafi daidai za a iya.

Ranar ɗaukar shati na fara ganin Mama Targelia da kyau. Likita ya ɗaura wasu 'yan sanduna a kan turakun, ita kuma ta ɗauko zaren sakace ta dinga naɗawa daga wannan zuwa wancan kamar mai saƙa. Ta ɗiga wani jan gam a kan zaren har sandunan suka zama abu ɗaya. Da ya bushe sai aka kawo ɗan siririn zarto aka yanka tsakaninsu. Na zaro ido, bakina a buɗe ba halin tambaya.

“Na ga idonki, 'yar nan,” in ji ta. “Ba hauka muke yi ba. Gam ɗin nan in yana bushewa tsukewa yake yi, ya janyo sandunan ciki. Sai a yanka ya huce, sannan a haɗa da ɗigo ɗaya ɗaya. Ɗan ƙarami ba ya da ƙarfin ja.”

Aka cika cokalin awo da danƙo, aka danna mini a baki, aka ce kada in motsa sai ya sandare. Wilmer na waje da Anahí. Can sai na ji ƙum, sai kuka. Kowace uwa ta san bambancin kukan rigima da na ciwo. Ban san sa'ad da na zabura na juya kai ba.

“Kada ki motsa!” in ji likita, ya riƙe cokalin.

Na koma na jingina, hawaye na zuba, har Wilmer ya leƙo ya ce daga benci ta faɗo, goshi ne kawai. Ko yau aka maimaita zan juya. Da aka cire shatin likita ya kai shi ƙarƙashin fitila ya jujjuya. “Ni ban ga komai ba.”

“Ni ma ban gani ba,” in ji Mama Targelia. “Alli zai faɗa mana.”

Wannan ita ce al'adarta, kuma ba don ni ta fara ba. Kafin ta ƙera wa kowa jerin haƙora, takan zuba wata siririyar sandar alli a kan kwafin bakinsa, ta haɗa wuraren turakun duka. Sai a kai sandar cikin bakin mutum a ɗaura. Alli ba ya lanƙwasa. In kwafin ya yi daidai da bakin, sandar za ta zauna lafiya. In akwai saɓani, karyewa take yi. Aiki ne na ƙari, yana cin lokaci, kuma ba wanda yake ganinsa a ƙarshe.

Na dawo ranar gwaji. Likita ya ɗaura sukuru na farko, shiru. Ya kama na biyu yana murɗawa a hankali. Sai na ji ƙas, a cikin kaina na ji shi, ɗan ƙaramin sauti kamar an karya tsinken ashana. Likita ya sauke numfashi ya ajiye abin hannunsa.

Na ce a sake yau ɗin nan. Ya ce dasashin ya ɗan fusata, sai ya huta, kuma ko an sake, zubin ƙarfe da gasa tangaran ba za su ƙare kafin Kirsimeti ba.

“To a yi da wannan ɗin. Ɗan kaɗan ne, kai ma ka ce ba ka gani ba. Na yarda, bakina ne.”

“Maman Anahí, ba zan ɗaura ba,” in ji shi. “Kuma ko na ce zan ɗaura, wa zai ƙera mini? Ki dubi fuskar Targelia.”

Mama Targelia ta kama hannuna ta ja ni ɗakin baya, ta zaunar da ni a kujerarta, ta zuba mini sauran kununta.

“Shekarunki nawa, 'yata?”

“Ashirin da bakwai.”

“To ni so nake ki ci nama da haƙoran nan ranar auren yarinyar can. Ƙashin da ke bakinki na ƙari ne, da ƙyar aka same shi. In na ba ki na Kirsimeti ɗaya, bayan shekara biyu ya janye, a cikin me za a sake dasawa? Ki zage ni yau. Na fi son haka da ki zage ni lokacin da babu gyara.”

Sai na gaya mata zancen hannun Anahí. Ban taɓa gaya wa kowa ba in ban da Wilmer. Ta juya karyayyar sandar allin a tafinta.

“Tawa 'yar,” ta ce, “in ta yi dariya a waya, hoton yakan tsaya, sai sautin ya iso daga baya. Na manta yadda suke in sun zo tare.” Ta share hanci da bayan hannu. “Ranar da za a sake, ki zo da yarinyar. Ciki za ta shiga, ba waje ba.”

Kirsimeti ta zo. Na tsaya a bakin titi da mayafi a kan bakina kamar mai jin sanyi. Motar mala'iku ta wuce, Anahí ta hango ni, ta ɗaga mini hannun dama, na hagu kuma yana kan bakinta. Na koma gida na kwance fukafukan na ninke. A ranar ban ji ina ƙaunar Mama Targelia ba.

Bayan sabuwar shekara muka koma. Na tarar ta ajiye wata 'yar kujera daidai gaban tawa, tsakanin ƙafafuna da bango. Na ce, “Mama, ba na son ta ga bakina a haka. Za ta tsorata.”

“Ke ce dai kike tsoro. Ni shati nake so mai kyau. Uwar da ba ta ganin ɗanta ba ta iya riƙe kanta wuri ɗaya. In tana gabanki, ina za ki juya?”

Ta zaunar da Anahí, ta ba ta curin kakin zuma ta ce ta yi mata kare. Likita ya cire mini robar, ya ce in buɗe. Hannuna ya tashi da kansa, Mama Targelia ta kama shi ta ɗora a kan cinyata, ta bar nata a kai. Na buɗe.

Anahí ta ajiye kakin. Ta miƙe ta matso har ina jin numfashinta. Ta daɗe tana kallo.

“Mama, ƙusoshi ne a bakinki!”

“Huɗu ma kuwa,” in ji likita. “Ƙirga ki gani.”

“Babana ma yana da irinsu a akwatinsa.”

“Kada dai ki gaya masa,” in ji likita, “ya zo ya ce nasa na sata.”

Anahí ta yi dariya, hannu ya tashi. Mama Targelia ta karkata kai. “A'a, 'yar tsohuwa. Mamanki ta buɗe mana nata gaba ɗaya, ke ce mai rowa? Me kike ɓoyewa a ciki, zinariya?”

Anahí ta dube ni. Ni kuwa bakina a wangale, cike da sanduna da zare, babu abin da ya rage a ɓoye. A hankali ta sauke hannun ta buɗe, har da “aaa”. Mama Targelia ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta kama haɓarta ta daɗe tana duban 'yar wushiryar da ke tsakanin haƙoranta na gaba.

Ranar kaina bai motsa ba. Ina zan duba, alhali duk abin da nake son gani yana gabana yana murza kaki?

Da aka gama Mama Targelia ta tambaye ni, “Ke ma kina da wushirya, ko?” Na ce ina da ita da. Tsofaffin hotunana da na kawo mata duk daga nesa ne, ba a gani sosai. Ban roƙe ta ta mayar mini da ita ba, don ban san ana iya yi ba. Ita ta je wa likita da shawarar a raba haƙoran gida biyu, uku dama uku hagu, kowane ɓangare a kan turakunsa biyu, a bar ɗan giɓi a tsakiya.

Ya ce, “Targelia, mutane zuwa suke a toshe musu, ke kuma za ki buɗe?”

“Waɗancan sababbin haƙora suke so. Wannan nata take nema.”

Ya yi nazari, ya duba hoton ƙashin, ya ce zai yiwu.

Sandar alli ta biyu ta zauna lafiya. Likita ya ɗaura sukuru huɗun, ya kwance, ya sake ɗaurawa ta wani gefen, ba ƙas ba komai. Mama Targelia ta cire ta, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ce, “Yanzu mu yi aiki.”

Ranar da aka sa mini haƙoran, an miƙo madubi na kasa karɓa. Mama Targelia ta riƙe mini. Na ga matar da na yi shekaru ban gani ba. Na ga mahaifiyata ma, wadda ta rasu kafin a haifi Anahí. Na sa harshe a 'yar ƙofar nan ta tsakiya, harshen ya gane ta tun kafin ni. Na yi kuka har likita ya fita ya ba mu wuri.

Mama Targelia, ke ce wadda ta ƙi ba ni abin da na roƙa, ta ba ni abin da na rasa. Ke ce mai auna gari da sikelin azurfa don bakin talaka. 'Yar maƙerin Chordeleg, mai yanka abin da ta haɗa don kada ya yi ƙarya. Kin san ba wanda zai taɓa ganin sandar allin nan, kin san a shara take ƙarewa, amma ba ki taɓa tsallake ta ba. Da asibitin ya sayi na'urar ɗaukar hoton baki wadda ba ta bukatar danƙo, ba ki yi fushi da ita ba. Kin sa tabarau kin zauna kin koya, kina shekara sittin da ɗoriya, kin ce tana da kyau ƙwarai ga haƙori ɗaya ko biyu. Amma in turaku sun yi nisa da juna, ita ma sai kin yi mata jarrabawar alli. Kin auna ƙarfe, kin auna danƙo, kuma kin auna uwa, kin gane cewa kanta ba zai tsaya ba sai 'yarta na gabanta.

Hannun bai sauka a ranar ba, kada in yi ƙarya. Muna fita na yi dariya ya tashi. Mama Targelia ta gani ta taga, ta ƙwala mini kira: “Haƙora na gama. Hannun kuma aikinki ne!” Sai na ƙirƙiro mana wasa a gida. Duk sa'ad da dariya ta zo, ni da Anahí sai mu kama hannuwan juna duka biyu, wanda ya fara saki shi zai kwashe kwanuka. Wilmer ya sha kwashewa don ya ce shi ma sai ya shiga. Mun ɗauki watanni. Nata ya riga nawa sauka.

Makon jiya muka je yi mata sallama. Ɗakin ya fara zama kango, an kwashe rabin kayan, sikelin na naɗe cikin tsumma a kan jakarta. Anahí ta shekara shida yanzu, kuma haƙorinta na farko ya fita, na gaba, na sama. Tun da ya fara girgiɗi nake kwana da fargaba. Na ce yau za ta dubi madubi ta ga giɓi, ta tuna abin da ta koya a wurina.

Tun daga bakin ƙofa ta saki hannuna ta ruga. Ta tsaya gaban matar nan, ta riƙe ƙugu da hannu biyu, ta washe baki har kunne.

“Mama Targelia, duba! Ni ma a sa mini ƙusa!”

Mama Targelia ta sa tabarau, ta kama haɓarta, ta duba da gaske kamar mai karɓar aiki.

“Naki ba sai da ni ba, 'yar tsohuwa. Wanda zai yi miki ya fi ni iya awo. Yana nan tafe, ga kansa ma ya leƙo.”

“To kafin ya zo fa?”

“Kafin ya zo ki nuna wa kowa.”

Kuma ta nuna. Ta nuna wa likita, ta nuna wa mai gyaran takalma, ta tare Don Rigoberto a titi ta nuna masa, ya ce in tana so zai ara mata nasa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina dariya, sai daga baya na lura hannayena biyu suna riƙe da jakata.

Na gode, Mama. Wilmer ya gode. Anahí ba ta san abin da kika yi mata ba tukuna, amma zan gaya mata in ta girma. Ku kuma matasa da ke koyon wannan sana'a, da ku masu ɗinki irina, da kafintoci, da duk wanda wani ke dogara da awonsa, ku je ku gan ta kafin wata ya ƙare. Ku tambaye ta yadda ake yi wa aikin kai jarrabawa tun ba wanda ya tilasta, da yadda ake duban idon mai kuka a ce masa a'a don ana son sa. Ku yi irin nata.

Ban san wa zai riƙa hawowa matakalar nan da sassafe ba in kin tafi, kuma na san duk sa'ad da na wuce ta gefen asibitin sai idona ya je tagar nan. Ina so ki zauna. Amma ni uwa ce, ba zan roƙe ki ba. Kin mayar mini da dariyar 'yata, ki je ki ga ta taki, fuska da sauti a tare. Allah ya kai ki lafiya, ya huta da yatsun nan.